Neman kalma: me za mu kira "frustration" a harkar kwangila?

Jama'a, a taimaka. Jiya da la'asar kawuna ya kira ni shagonsa a Kakuri, ya zaro wata tsohuwar wasiƙar lauya daga ƙarƙashin littafin bashi, duk ta sha mai, ya ce in karanta masa da Hausa. Kalma biyu suka tsaya mini a wuya: "breach" da "frustration". Na jarraba manhajar fassara a waya, ta ce wai "takaicin kwangila". Kawu ya kwashe da dariya, ya ce takaici kam ya sha shi, amma ba shi lauyan yake nufi ba.

Asalin maganar, ya yi yarjejeniya da wani kamfani zai riƙa kawo musu dutsen dalma daga Zamfara. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya. Kaya suka tsaya. Kamfani ya ce kawu ya saɓa, lauyan kawu ya ce a'a, doka ce ta shiga tsakani.

Kalmar farko, "breach", ba gardama: saɓa yarjejeniya. Da mai laifi, da diyya.

Ta biyun, "frustration", ita ce aiki. Ma'anarta shi ne bayan an ƙulla magana wani abu ya auku, ba da hannun kowa ba, har cikawar ta zama ba ta yiwuwa, sai doka ta sauke wa kowa nauyin da ya rage. Tushenta wata shari'a ce ta 1863 a Ingila, inda zauren kiɗan da aka ba da haya ya ƙone kafin ranar taro, kotu ta ce ba wanda zai biya wani.

Cikin waɗanda suka ba ni shawara, wani ɗan'uwa ya kawo "karyewar yarjejeniya", ya ce ai Hausa ta riga ta raba: ya karya, ta karye. Gaskiyarsa, kuma ta burge ni. Amma ku tuna a gaban alƙali za a faɗe ta, ta bakin tafinta, fanka na ƙara. Wasali ɗaya tak tsakanin karyawa da karyewa, kuma kuɗin mutum na rataye a kansa. Ban yarda ba.

Wata malama ta ce "mutuwar yarjejeniya". Malama, da girmanki, aure ma yana mutuwa, kuma sau da yawa an san wanda ya kashe shi. "Faɗuwa" kuwa, a kasuwa asara ake nufi. Mai "ƙaddara" shi ma na gode, sai dai duk wanda ya ci kuɗin mutane da ita yake fakewa.

Ni inda na karkata: gagarar yarjejeniya.

Dalilina, Bahaushe ya san wuya daban, gagara daban, kuma nan ne dokar ta kafa iyakarta. Da aka rufe mashigin Suwez a 1956, wani kamfani da ya sayar da gyaɗar Sudan zuwa Hambug ta Jamus ya ƙi lodi, ya ce hanya ta toshe. Alƙalan Ingila suka ce a zagaya ta kudancin Afirka mana, tsadar jirgi ba ta sauke alkawari. Haka in dizal ya tashi, ko direbobi suka ƙara kuɗin hanyar Birnin Gwari, wuya ce. In gwamnati ta rufe ramin da aka ambata a takarda, ya gagara.

A nan ne kawu ya yi shiru, don na sake duba takardarsa ban ga sunan Zamfara a ciki ba. Dalma kawai aka rubuta, ba a ce ta ina ba.

Lauyoyinmu na Kaduna, "gagarar yarjejeniya" za ta shiga bakin tafinta kuwa?