Batirin solata ba ya kai asuba, me na yi ba daidai ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watanni 5 da suka wuce na haɗa wa Umma sola da hannuna, saboda zafi na hana ta barci. Na sayo faranti 1 mai wat 150 a Sabon Gari a nan Kano, da batir mai ruwa na 12V 100Ah, da kwantirola (na'urar daidaita cajin batir) irin wadda ake kira PWM, da inbata (mai juya wutar batir ta koma irin ta gida) mai wat 1,000. Fankar sama ce a kai, da talabijin, da ƙwan fitila 4. Da farko har kiran assalatu fanka na juyawa. Yanzu ƙarfe ɗaya na dare inbata ta fara ƙara ta mutu. Jiya na leƙa na tarar da Umma zaune a bakin gado tana fifita da mafici, ba ta ko tashe ni ba. Wallahi abin ya taɓa ni. Jabun batir aka sayar mini, ko in ƙaro wani? Ku taimaka, ga bazara ta kawo kai.

Mai gyaran rediyo daga Maraɗi:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya yi maka albarka, ƙanena. Kafin ka ɗora wa mai shago laifi, zauna mu yi lissafi. A yankinmu rana mai ƙarfi awa 5 ce zuwa 6. Farantinka a takarda zai tara kamar 750Wh a rana (wato wat 150 sau awa 5), amma da zafi da asarar PWM, in ka samu 500 ka gode Allah. Fankar sama kuwa tana cin wat 70 zuwa 75, wato awa 8 kawai ta cinye kusan 600. Ka ƙara talabijin da fitilu da abin da inbata ke sha ko ba a kunna komai ba, ka doshi 1,000. Kullum kana ɗiba fiye da abin da kake zubawa. Kwanakin farko cajin da batirin ya zo da shi ne ya rufa maka asiri. Batir mai ruwa in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin dalmarsa, shi ke nan ƙarfinsa ya ragu. Kuma irinsa ba a so a zuƙe shi ya wuce rabi.

Ɗalibi daga Zariya:
Yaya, ka sayi batirin litiyam kawai ka huta.

Mai gyaran rediyo daga Maraɗi:
A'a ɗana, kar ka sa shi asarar kuɗi. Litiyam ya fi jure zuƙa, gaskiya ne, amma shi ma sai an cika shi. Faranti ne ya yi kaɗan.

Maman 'yan biyu:
Ni ba injiniya ba ce, amma na ga wannan a gidana. Yaushe rabonka da hawa kan kwano? Bayan hunturu namu farantin sai da na rubuta sunana a kai da yatsa saboda ƙura. Tsumma da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. Sannan ka saya wa Hajiya fanka mai DC, wato wadda ake jonawa a wutar batir ta 12V ba sai ta bi ta inbata ba. Tamu wat 20 take ci, kuma iskarta ta isa ɗaki.

Malamin koyar da lantarki:
Mai gyaran rediyo da Maman 'yan biyu sun faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara: ka cire duk kayan da ke cin wuta daga batirin kwana 3, ka bar faranti ya yi ta cajinsa. Da dare, bayan ya huta awa 2, ka auna da mita. In ka ga 12.6V ko 12.7V, yana da sauran ƙarfi. In ya tsaya a 12.0 ya gaji. Buɗe murafun ka duba ruwa, ka ƙara tataccen ruwan batir (distilled water) zalla, ban da na rijiya ko na leda. Farantin ya fuskanci kudu, ya ɗan karkata kamar digiri 12. In za ka sake jonawa, batir ake fara haɗawa da kwantirola kafin faranti. Akwai fiyus kusa da batirin kuwa?

Mai tambaya:
Malam, babu fiyus, ban ma san ana sawa ba. Batirin kuma a ɗakin Umma yake, ƙarƙashin tebur.

Malamin koyar da lantarki:
Fitar da shi yau ɗin nan, don Allah. Yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Ka kai shi inuwa inda iska ke ratsawa, ka sa fiyus a jar wayar dab da kansa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fitar da shi baranda yanzu. Gobe in sha Allahu zan hau kwano, kuɗin batirin kuma zan sayi fanka da faranti na biyu. Ranar Juma'a zan kawo muku abin da mita ta nuna.