Naive art: me za mu kira shi da Hausa?

1/ Jama'a, musamman 'yan sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a kawo ɗauki. A Zagreb, babban birnin Kuroshiya, akwai gidan adana zane da aka buɗe a 1952, babu abin da aka rataye a ciki sai aikin mutanen da ba su yi makarantar zane ba. A Nis ta Faransa ma akwai irinsa tun 1982. Turawa suna ce wa wannan aiki naive art. Mu fa?

2/ Ga abin da mai ziyara zai tarar a na Zagreb: shanu, zakaru, dusar ƙanƙara, bikin ƙauye, da yawansu daga hannun manoman ƙauyen Hlebine na ƙasar irin su Ivan Generalić. A bayan gilashi suke zanen, don haka abin da zai fito a gaba shi ake fara shafawa, sararin sama ya zo daga ƙarshe. Launi rau, kowane ganye an bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a cika damuwa da cewa na nesa ya ƙanƙance ba.

3/ Wani ya ce "zanen yara". A'a. Henri Rousseau, wanda ake ɗauka uban tafiyar, ya yi shekaru yana karɓar kuɗin shigo da kaya a ƙofofin Paris. Bai taɓa barin Faransa ba, amma ya zana dazuzzuka da damisa daga abin da ya gani a lambun tsirran birnin. An yi masa dariya sosai, sai ga shahararren mai zane Picasso ya shirya masa walima a 1908. Wannan ba yaro ba ne.

4/ "Zanen gargajiya" shi ya fi samun ƙuri'a, kuma shi na fi ƙi. Mu Zazzagawa bai kamata mu yi wannan kuskure ba. Adon bangon da ke cikin Birni, da aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a, sana'a ce mai sarki, mai ƙa'ida. Yaro yakan daɗe yana miƙa ƙasa kafin a bar shi ya taɓa bango. Magini yana da malami, allo da takardar shaida ne kawai babu.

5/ "Zanen baiwa" yana da daɗin faɗi. To amma su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a nan Zariya a 1958, makaranta suka yi. Za mu ce ba su da baiwa ke nan?

6/ Ni dai na tsaya a kan ZANEN HAYE. Bahaushe ya riga ya raba masu sana'a biyu: ɗan gado da ɗan haye. Ɗan haye bai tashi ya ga ana yi a gidansu ba, shi ya kai kansa. Mai zana zaki da shaho a bayan gingimari, ko kawunan da ke allon shagon aski a Sabon Gari, in babu ubangidan da ya ɗora masa hannu, nan ne gurbinsa. Haka mai zane Edward Tingatinga ya fara a Tanzaniya, da fentin keke.

7/ Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta rubuto: "Malam, ai haye gori ne." Gaskiyarki, Hajiya, akan yi gori da shi. Amma naive ɗin ma ba yabo ba ne a bakin masu shi, ma'anarsa wanda bai san dawan garin ba.

8/ Inda nake da sauran shakka: ɗan haye na iya zuwa ya koya wurin gwani, su kuwa masu naive art akasari ba su je ba. In akwai mai kalmar da ta rufe wannan giɓi, bismillah. Kafin nan, a rubutuna gidan Zagreb zai fito da sunan gidan adana zanen haye.