Wai da gaske maganin hawan jini na hana bugun zuciya rikicewa?

Bazazzagiya:
Salam jama'a. Babanmu na shan lisinopril da amlodipine, yanzu awonsa ya sauko 130/80 shi ne yake cewa ya warke zai ajiye. To likita ya ce kar ya kuskura, wai maganin har zuciya yake karewa daga bugawa barkatai. Ni dai na ɗauka sauke jini kawai yake yi, don Allah wa ya san kan abin?

Nas ɗin Samaru:
Wa alaikissalam ƴar uwa, gaskiyar likita ce. In jini ya daɗe a sama zuciya da ƙyar take tura shi, sai namanta ya yi kauri, ɗakin sama na hagu ya buɗe, kuma ta cikin naman nan ne saƙon da ke sa ta bugawa yake bi, to da hanyar ta lalace sai bugu ya rikice, shi ne AF da kike ji likitoci na faɗa. Abin tsoron, jini kan kwanta a ɗakin ya daskare, gudan ya wuce ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Mai AF haɗarinsa ya kai kusan ninki 5. Su lisinopril da losartan suna rage kaurin nan. A binciken LIFE da aka yi kan mutum sama da 9,000 a Turai da Amurka, masu shan losartan ba su kamu da AF kamar masu shan atenolol, wani maganin hawan jinin, ba. Awon Baba kuma magani ne ya sauko da shi, ba warkewa ba ce.

Abu Sadiq:
Haka ne malam nas. Amma atenolol ɗin ma kar a raina shi, shi da bisoprolol gudun zuciya suke ragewa, shi yasa ake ba wanda jijiyar jinin zuciyarsa ta taɓa toshewa (heart attack). Su ne ma ba a yankewa lokaci ɗaya, zuciya sai ta kama gudu.

Maman Ilham:
Ni abin da ke ba ni haushi masu zuwa kemis a ce a ba su irin na maƙwabci. Maganin nan mai sa fitsari yana zubar da sinadarin potassium na cikin jini, in ya yi ƙasa sosai shi kansa yana rikita bugun, lisinopril kuma ɗaga potassium ɗin yake. Sai da gwajin jini fa.

Bazazzagiya:
Allah ya saka. Wani lokaci Baba yana cewa gabansa na faɗuwa haka kawai, shi ne AF ɗin?

Nas ɗin Samaru:
Ba lallai ba, amma ku faɗa wa likitansa, a kai shi asibitin Shika a yi masa ECG, wato gwajin yadda zuciya ke bugawa. In ya haɗu da jiri ko numfashi na yankewa kar ku jira ranar kilinik.