Zanen da'ira ko na sanduna, wanne ido ya fi kamawa?

Ɗan_ofis:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Jiya na gabatar da rahoto a wajen aiki, na sa zanen da'irar nan da ake yankawa gida-gida a PowerPoint, gida shida, biyu daga ciki kashi 23 da 27 ne, wallahi oga yana kallon allon amma sai da ya tambaye ni wanne ya fi girma. Da aka tashi kuma ba wanda ya riƙe ko lamba ɗaya. Laifina ne ko na zanen?

Malam_Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam. Rabin laifin na zanen ne malam. Tun 1984 masu bincike Cleveland da McGill suka gwada mutane kan wannan, suka ga ido ya fi iya kwatanta abubuwan da suka taso daga layi ɗaya, sai tsayi da kusurwa, faɗin fili kuma yana can baya. To da'ira kusurwa da faɗi take sa ka auna, ka ga kenan ka ba oga aikin da ido bai ƙware a kai ba. Da sanduna ka jera, ta 27 za ta ɗara ta 23 kowa na gani ba sai an yi musu ba. Heer da Bostock ma sun sake gwajin ta intanet a 2010, kusan abu ɗaya ya fito.

Maman_Hanan:
Ni fa ban yarda a yi watsi da da'ira kwata-kwata ba, in gida biyu ne ko uku kuma so kake a ga rabi ko kwata nan take ake gani. Sannan ganewa daban tunawa daban ai, akwai binciken Bateman da abokan aikinsa shi ma 2010, waɗanda aka nuna wa zane mai ado da hotuna sun fi tuna abin da yake magana a kai bayan sati biyu zuwa uku. Lambar da kake so a tafi da ita kuwa rubuta ta ɓaro-ɓaro a kan zanen kawai.

Injiniya_B:
Ƙanina tsakaninka da Allah, ba irin mai tudun nan na 3D ka sa ba? Shi yankin da ke gaba kumbura yake, na baya ya tsuke. In ka koma sanduna kuma ka tabbata daga sifili suka fara, Excel wani lokacin da kansa yake gutsure ƙasan.

Ɗan_ofis:
Hhhh yaya ka kama ni, 3D ɗin ne har da inuwa. Bari in je in gyara kafin a tura wa kowa.