Musayar waƙa: ƙarfin tarayya ko haƙƙin ɗan ƙasa a Amurka ta 1787

Malamin tarihi:
Jihohi sha uku sun fatattaki Ingila a fagen yaƙi,
Amma majalisarsu ba ta da ikon sa haraji ko na anini.
Sojan da ya ba da jininsa ya koma gona da tulin bashi,
Har Daniel Shays ya ja manoman Masacusets suka ɗau makami.
Shi ya sa wakilai suka taru a Filadelfiya don rubuta kundin tsarin mulki cikin zafi,
Hamilton da Madison, masu son gwamnatin tarayya mai ƙarfi, suka ce soro ba ya tsayuwa babu ginshiƙi.

Ɗalibar shari'a:
Allah ya gafarta malam, a yi mini izini in yi tambaya,
Wanda ya sauke sarki daga wuyansa, don me zai sake ɗaukar kaya?
George Mason ya zauna taron har ƙarshe, sannan ya ja da baya,
Ya ƙi sa hannu ran 17 ga Satumba, don talaka bai samu kariya ba a takardar tarayya.
Patrick Henry ma ya yi ta jan kunnen mutanen Bajiniya.

Malamin tarihi:
'Yata, maƙala 85 su Hamilton suka yi da sunan aro na Publius don wayar da kan jama'a da lallasawa,
Hamilton ya ce abin da ba a ba gwamnati ba, ba ta da hurumin taɓawa,
Kuma in an jera haƙƙoƙi, wanda aka tsallake za a ce an yi sarayarwa.

Ɗalibar shari'a:
Malam, mai iko ba ya tuna iyakar da ba a kafa mata dutse ba.
Ƙuri'a 89 da 79 aka yi a Bajiniya kan amincewa da kundin, rinjayen bai yi nisa ba,
A New York 30 da 27 ne, tsoron mutane bai kwanta ba.
Madison da kansa ya kai gyare-gyare majalisa a 1789, bai saɓa alkawari ba,
Goma suka tabbata ran 15 ga Disamba 1791, da addini da baki da jarida ba a bar su a hannun gwamnati ba.
Duk da haka dokar 1798 ta ɗaure masu sukar gwamnati, ni kam wannan bai daina ci mini rai ba.

Dattijuwa mai bibiya:
'Ya'yana, kun yi ta auna 'yanci, kun manta da waɗanda ke cikin mari.
Mason da Henry da Madison duka suna da bayi masu yi musu noma a fili.
Aka ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku don rabon kujeri,
Aka hana majalisa tsayar da jiragen bayi kafin 1808, jikokin Afirka na kuka a bakin ruwa babu mai ji.