Neman shawara: in sayi injin CNC ko in haɗa nawa?

Kafinta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Yawancin aikina gadaje ne da sif na amare. Yanzu iyayen amarya kan zo da hoton fuskar gado mai zanen furanni a waya, su ce irinsa suke so. Hannu ba ya fitar da wannan zane daidai, sai na aika Kano a yanko mini, kuɗin mota da jira su cinye ribar. Na kwashi adashi, ina son in mallaki injin CNC, wanda kwamfuta ke tuƙawa yana sassaƙa katako. Kuɗin ba su kai na babba ba. In sayo ƙarami daga Chaina, ko in sayi kayan cikinsa ni da abokina mai walda mu haɗa? Ku taimaka, don Allah.

Mai gyaran lantarki, Zuru:
Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, fara duba lambar da ke jikin sunan injin, ita ce faɗin wurin da yake iya yankawa. Mai araha ɗin nan 3018 santimita 30 ne da 18, na koyo ne da rubuta suna a mariƙin makulli. Shi 6090 santimita 60 ne da 90. Wanda ke ɗaukar cikakken filawud mai ƙafa 4 da 8 shi ne 1325. Fuskar gado mai ƙafa shida ta wuce santimita 180, ka ga kar araha ta ja ka ga ƙaramin.

Mai walda, Argungu:
Ni nawa haɗa shi na yi, don haka bari in tsaya a nan sosai. Kayan lantarkin ba su ne wahalar ba. Motocin da ke motsa injin masu suna NEMA 23, direbobinsu (na'urorin da ke ba su wuta), ƙaramin allon kwamfuta na Arduino da manhajar GRBL mai tuƙa injin wadda kyauta ce, duk ana samu, haɗa su kuma mai haƙuri zai iya. Ni na fara da ƙaramar rauta (injin sassaƙa katako na hannu) ta Makita mai wat 710 a matsayin kan yanka, wato abin da ke juya bakin yankan, ta yi mini aiki.

Inda ake shan wuya shi ne firam. Ƙarfe in ya sha wutar walda sai ya ja gefe, ido ba ya gani, amma injin yana ji. Layukan da kan ke gudu a kansu dole su tafi daidai da juna daga farko har ƙarshe, in ba haka ba moto ya riƙa cijewa yana tsallake taki, zanen ya goce. Gadar da ke ɗauke da kan kuma in tana da laushi, bakin yanka zai yi rawa a cikin katako mai tauri irin maɗaci, ka ga gefen aikin ya yi kaca-kaca. Kuma kar abokinka ya ce a yi tsimi da doguwar sandar noti ta shagon kayan gini. Noti ba ya kama ta gam, in ka yanka da'ira sai ta fito kamar ƙwai.

Watanni na kwashe kafin ya daidaita, wasu ayyukan shago kuma suka tsaya. Amfanin da na samu shi ne duk abin da ya lalace ni nake gyarawa, ba na jiran kowa. Ga mai son gadaje, ni shawarata ita ce haɗawa, domin kai ne za ka zaɓi tsawon teburin. Sharaɗin kawai abokin naka ya kasance mai awo da haƙuri.

Hajiya mai odar kaya, Birnin Kebbi:
Ƙanena, in saye za ka yi, farashin da ka gani a intanet ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kuɗin jirgin ruwa, da kwastan, da motar da za ta ɗauko daga Legas zuwa nan. Ka sa su rubuta maka cewa na wutar gida ne mai bolt 220, kar a turo maka mai layi uku na 380. Ka haɗo da bakunan yanka da yawa, sabon hannu yana karya su.

Mai gyaran lantarki, Zuru:
Na dawo kan zancen wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar aiki, injin yana manta inda yake, sai dai in ka sa masa makunnan iyaka, waɗanda ke nuna masa ƙarshen layi, da zai koma mafari da su. Kan yanka mai kilowat 2.2 yana tafiya ne da inbatarsa mai sarrafa gudunsa, ƙaramin janareta ba zai ja ba. Zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40, akwatin lantarkin na son fanka. Ƙurar MDF, katakon da ake yi da matsattsen garin itace, kuma tana cutar da huhu, kai da yaran shago ku riƙa rufe hanci.

Tsohon kafinta, Jega:
Yaro, ni ban ga abin gaggawa ba. Injin ba ya zana komai da kansa, abin da ka zana a kwamfuta shi yake bi. Ka iya? In ba ka iya ba, riƙe kuɗinka tukuna. Jikana da manhajar zane ta Inkscape ya fara, ita da FreeCAD kyauta ne, VCarve da Aspire su ne na kuɗi. Ka zana da hannunka, ka tura Kano su yanka. Randa zanenka ya fito yadda kake so, ka dawo a yi maganar ƙarfe.

Kafinta, Birnin Kebbi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, zan fara koyon zanen a wannan makon, ina tara kayan a hankali. Zuciyata ta fi karkata ga haɗawa. Maigida na Argungu, in teburin zai kai mita biyu, me zan sa ya riƙa tura gadar?

Mai walda, Argungu:
Doguwar sanda mai zare irin na noti in ta kai wannan tsawon tana kaɗawa idan ta yi gudu. Sa layin haƙora da giya a gefe biyu, kowane gefe da motonsa, ka bar mai zaren a hawa da sauka kawai. Kafin ku yanka ƙarfe ko ɗaya, ku zo kai da abokin naka ku ga nawa yana aiki, ku taho da tef ɗin awo.