Alamar tsimin wuta ga ginin ofisoshi: daga ina ake farawa?

Mai_Kula_Da_Gini: Assalamu alaikum. Injiniyoyi, ginin ofisoshi ne mai hawa huɗu a Abuja, ana so a san ko yana shan wuta fiye da kima, kuma a nema masa alamar tsimin makamashi. Shin ENERGY STAR zai yi?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam. Alhaji, fara da awo tukuna. Ka tara takardun kuɗin wuta na wata 12 a jere, ka haɗa jimillar kWh (ma'aunin wutar da aka sha), ka raba da faɗin ginin a murabba'in mita. Wannan adadin shi ake kwatantawa da na sauran gine-gine.

ENERGY STAR shiri ne na gwamnatin Amurka. Manhajarsu ta Portfolio Manager kyauta ce, tana ba da maki daga 1 zuwa 100. Maki 50 tsaka-tsaki ke nan, sai ka kai 75 ake ba da alamar, bayan injiniya mai lasisi ya tantance, kuma duk shekara ake sabuntawa. To amma da gine-ginen Amurka ake gwada ka, waɗanda ba su dogara da janareta ba. Yi amfani da manhajar wajen ajiye lissafi, kada makin ya ruɗe ka.

Hajiya_Mai_Zane: In takardar shaida ake so, EDGE ta IFC (wani reshe na Bankin Duniya) ta fi dacewa, ana bayar da ita a Najeriya. Sharaɗinta a rage kashi 20 cikin 100 na makamashi, da ruwa, da hayaƙin carbon da ake fitarwa wajen sarrafa kayan gini. Sai dai ita tsarin ginin take dubawa: tagogi, rufi, na'urorin sanyaya ɗaki. Ba ruwanta da ɗan hayar da ya bar AC a kunne ya tafi gida.

Lissafi77: Inda ake tafka kuskure shi ne dizal. Lita ɗaya tana ɗauke da zafin da ya kai kusan kWh 10, amma wutar da janareta ke fitarwa daga cikinta ba ta wuce 3 da ɗan wani abu ba. Misali, gini mai murabba'in mita 2,000 ya sha kWh 180,000 daga layi da lita 30,000. Ka lissafa da 3, ka samu kWh 135 a kowace murabba'in mita. Ka lissafa da 10, ya koma 240. Gini ɗaya fa! Don haka ka zaɓi hanya guda, ka rubuta ta a rahoton, ka tsaya a kanta. Mafi sauƙi a sa wa janareta da sola mitarsu daban.

Sauran ramuka: bil na ƙiyasi ba shi da amfani a nan, kada a cusa wurin ajiye motoci cikin faɗin ginin, sannan a karɓo karatun mitar kowane ɗan haya. Hawan da ya yi wata shida babu kowa shi ma a ambata, in ba haka ba ginin zai fito da adadi mai kyau na ƙarya.

Mai_Kula_Da_Gini: Na gode ƙwarai. Janaretocin biyu ne, kowanne da mitarsa ko guda ta isa?

Lissafi77: Kowanne da tasa, Alhaji, a ɗaura ta kafin canja-layi. Da haka za ka gane wanda ke shan mai a banza saboda ƙarancin lodi.